Tuta, Sunan Ƙasa ko Jerin Harsuna: Me Ya Kamata a Saka a Gefen Sunan Mamba?

Duk ƙungiyar da mambobinta suka bazu a ƙasashe da yawa, kuma take gudanar da harkokinta ta intanet, ko ta ɗalibai ce ko ta 'yan kasuwa ko ta masu fassara, wata rana sai wani ya kawo shawarar a riƙa nuna ƙasar kowa a gefen sunansa. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Mutum yana son ya san da wa yake magana, da wane harshe zai amsa masa, kuma ko shawarar da zai bayar za ta yi aiki a inda mai tambayar yake zaune. Wanda ya tambayi yadda ake rajistar kamfani, amsar da za ta amfane shi a Kano ba ita ce za ta amfane shi a Maraɗi ba, duk da cewa tafiyar yini ɗaya ce a tsakaninsu kuma da harshe ɗaya suka yi tambayar. Gardama tana tashi ne idan an zo aiwatarwa, domin hanyoyin suna da yawa, kuma shugabannin ƙungiya sukan zaɓi wadda ta fi kyan gani ba tare da sun tantance tambayar da suke son ta amsa ba.

Abin da ya kamata a fara rabewa shi ne cewa ƙasa daban, harshe daban. Bahaushe ya fi kowa sanin wannan. Hausa harshe ce ta Kano da Sakkwato da Zariya, haka kuma ta Damagaram da Tawa, ta zangunan Accra da Kumasi, ta unguwanni a Garwa da Njamena, ta Mai Wurno da ke gaɓar kogin Nilu a Sudan, har da iyalan da ake kira Hausawi a Makka da Jidda. A ɗaya ɓangaren kuma, Najeriya kaɗai tana da harsuna fiye da 500. Ita kanta kalmar "ƙasa" tana ɗauke da ma'anoni uku da ba kullum suke haɗuwa ba: inda mutum yake zaune, ƙasar da yake riƙe da fasfonta, da kuma asalinsa. Ɗan Katsina da ke karatu a Alƙahira yana da amsa biyu, ɗansa da aka haifa a Ingila yana iya samun uku.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Ma'auni na farko, wanda kuma ya fi sauran nauyi a ganina, shi ne amfani: wace tambaya alamar take amsawa, kuma tambayar ce mambobi suke yi a zahiri? Na biyu shi ne daidaito, wato sau nawa alamar take faɗin gaskiya. Na uku kuɗi, ba kuɗin saye kawai ba, har da lokacin wanda zai kafa tsarin da wanda zai riƙa kula da shi. Na huɗu ɗorewa, domin ƙasashe suna canza tuta da suna, mutane kuma suna ƙaura. Na biyar sauƙi ga mamba, musamman mai ƙaramar waya da ƙarancin data. Na ƙarshe haɗari, wanda ya ƙunshi tonon sirri, da wariya, da rigimar siyasa, da kuma saɓa wa doka.

Hanyoyin da za a auna biyar ne: tutar da mamba ya zaɓa da kansa, ƙasar da na'ura take ganowa daga adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a intanet), sunan ƙasa ko gari a rubuce, jerin harsuna tare da matakin iyawa, sai kuma barin gurbin babu komai.

Tutar da mamba ya zaɓa

Wannan ita ce hanyar da ta fi farin jini, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tuta ba ta cin wuri a allo, tana da launi, tana sa mutum ya ji an san da ƙasarsa. Kuɗinta kusan babu, domin akwai tarin hotunan tutoci na kyauta da masu gina manhaja suke amfani da su, an jera su bisa lambobin ƙasashe na ma'aunin ISO 3166, wanda ya bai wa kowace ƙasa haruffa biyu: NG ga Najeriya, NE ga Nijar, GH ga Ghana, CM ga Kamaru, TD ga Chadi, SD ga Sudan. Mamba zai danna sau ɗaya ya zaɓa, ya gama.

Wahalar tana fara bayyana a wajen ganewa. A girman da ake nuna tuta a gefen suna, wanda bai kai farcen yatsa ba, tutar Chadi da ta Romaniya ba sa rabuwa ga idon kowa, domin shuɗi da rawaya da ja ne a jere iri ɗaya. Tutar Mali da ta Gini launuka uku ne guda aka juya, haka ta Kwaddibuwa da ta Ayilan. Ta Senegal ɗan tauraro ne ya raba ta da ta Mali. Ta Nijar kuwa, da ruwan lemo da fari da kore da da'ira a tsakiya, waɗanda ba su san Afirka ba sukan ɗauke ta ta Indiya. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo ba zai amfana da hoton ba sai an haɗa shi da rubutu, haka ma wanda idonsa ba ya bambance ja da kore.

Idan kuma aka ce za a yi amfani da tutocin imoji don guje wa hotuna, akwai wani tarko. A tsarin Unicode, wanda ke tsara haruffa da alamomin da na'urori suke nunawa, tun shekarar 2010, tutar imoji haruffa biyu ne na musamman da na'ura take haɗewa ta zana tuta. Wayoyin Android da iPhone suna zanawa, amma kwamfutar Windows haruffan biyu take nunawa tsura, sai mai karatu ya ga NE ya tsaya yana tunanin ko Nijar ce ko Nepal ko Netherlands. Wannan ruɗani na Nijar da Najeriya tsoho ne, domin a Turanci harafi ɗaya ne ya raba sunan ɗan wannan ƙasa da na waccan, kuma kwamitin wasannin Olympics yana rubuta NGR ga Najeriya da NIG ga Nijar, yayin da ma'aunin ISO mai haruffa uku yake rubuta NGA ga Najeriya da NER ga Nijar.

Ta fuskar ɗorewa, tuta ba dutse ba ce. Libiya ta canza tata a 2011, a shekarar da Sudan ta Kudu ta samu tata. Muritaniya ta ƙara jajayen layuka biyu a 2017. Bayan 2021 an samu tutoci biyu da ke da'awar wakiltar Afganistan, kuma Siriya ta koma wata tuta bayan faɗuwar gwamnatin Assad a Disamban 2024. A duk lokacin da irin wannan ta faru, wani a cikin masu kula da ƙungiya zai yanke hukuncin wace tuta za a nuna, kuma hukuncin siyasa ne ko ya so ko bai so ba. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: Apple yana ɓoye tutar Taiwan a wayoyin da aka saita a kan yankin China, kuma a 2022 ƙungiyar Unicode ta sanar da cewa ta daina karɓar buƙatun ƙara sababbin tutoci. Ƙaramar ƙungiya da ta buɗe wannan ƙofa za ta karɓi buƙatar masu son tutar Biyafara, da ta Ambazoniya, da ta Kurdawa, da ta Sahara ta Yamma, kuma ko ta amince ko ta ƙi, sai ta ɓata wa wasu rai.

Babban aibin tuta shi ne lokacin da aka ɗora mata nauyin nuna harshe. Ƙungiyar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta daɗe tana gargaɗin kada a yi haka. Wace tuta za a saka wa Larabci, alhali ƙungiyar ƙasashen Larabawa tana da mambobi 22? Wace za a saka wa Hausa? In an saka ta Najeriya, an shafe Nijar, wadda a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, an kuma bai wa Bayarabe da Igbo da Tibi dalilin tambaya ko tutar ta zama ta Hausawa kaɗai. Ga Bahaushen Sudan abin ya wuce ɓacin rai. Kakanninsa sun zauna a can fiye da shekara ɗari, wasu tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu ta hanyar aikin hajji, amma har yau akwai masu kallonsu a matsayin baƙi, kuma batun mallakar ƙasa da sarauta yana cikin abin da ya haddasa rikicin jihar Blue Nile a 2022 wanda ya ci rayuka masu yawa. Liƙa wa harshensa tutar wata ƙasa tamkar sa hannu ne a kan zargin da ake yi masa.

Ƙasar da na'ura take ganowa

A wannan hanya ba a tambayar mamba komai. Duk na'urar da ta hau intanet tana da adireshin IP, kuma akwai kamfanoni, kamar MaxMind, da ke tara bayanan wane rukunin adireshi ne yake wace ƙasa. MaxMind yana da kundi na kyauta mai suna GeoLite da kuma na kuɗi wanda ya fi shi daidaito. Ko da an ɗauki na kyautar, sai an samu mai ilimin kwamfuta ya haɗa shi da tsarin ƙungiya, kuma sai an riƙa sabunta kundin a kai a kai, domin adireshi suna sauya hannu tsakanin kamfanonin sadarwa. Saboda haka wannan ce hanya mafi tsada a cikin biyar ɗin, ko da ba a biya ko sisi ga kowane kamfani ba.

Masu goyon bayanta suna cewa ita ce ba ta ƙarya, tunda ba mamba ne ya rubuta ba. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin da Weibo, manhajar sada zumunta ta ƙasar China, ta fara nuna lardin da kowane mai rubutu yake, ko ƙasarsa in yana waje, a watan Afrilun 2022, asirin wasu da ke da'awar suna zaune a ƙetare ya tonu. Haka da X, wato tsohon Twitter, ya fara nuna ƙasar da asusu yake a watan Nuwamban 2025, an ga asusun siyasa da yawa da ke magana da bakin 'yan wata ƙasa alhali daga wata nahiyar ake sarrafa su. Ga ƙungiyar da 'yan damfara ko masu shigar burtu suka addaba, wannan fa'ida ce ta gaske.

Sai dai abin da adireshin IP yake faɗa shi ne ta inda layin sadarwa ya fito, ba inda mutum yake ba, balle ko shi wane ne. Mai amfani da VPN, wato manhajar da ke bi da datar mutum ta wata ƙasa, zai bayyana a duk ƙasar da ya zaɓa. 'Yan Najeriya sun ga wannan da idonsu tsakanin Yunin 2021 da Janairun 2022, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, jama'a suka koma VPN, har batutuwan Najeriya suka riƙa tashe a jerin wasu ƙasashe. A garuruwan kan iyaka, kamar Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita ta ɓangaren Maraɗi, mutum yakan riƙe layin wayar ƙasar da ke tsallake domin shi ya fi kamawa ko ya fi araha, sai na'ura ta ba shi ƙasar da ba tasa ba. Alhajin da ya tafi da layinsa na gida zuwa Makka yana iya ci gaba da bayyana a Najeriya, domin sau da yawa ta kamfaninsa na gida ake bi da datarsa, abokin tafiyarsa da ya sayi layin Saudiyya kuma ya zama ɗan Saudiyya na wata guda. Abin da ya fi damuna shi ne rashin adalcin sakamakon: ɗan damfara da ya san aikinsa zai sayi VPN ya fito da tutar Kanada, mai gaskiya da bai san komai ba shi ne za a fallasa.

Haɗarin wannan hanya ya fi na kowace. Tana bayyana abin da mutum bai yarda a bayyana ba. Ɗan jarida ko ɗan adawa da ya tsere daga ƙasarsa, matar da ta gudu daga mai cutar da ita, ma'aikacin da bai son a san ya yi tafiya, duk alamar da ke sauyawa da kanta tana ba da labarinsu. Sannan akwai wariya. Ba sai an yi wa ɗan Najeriya bayanin yadda wasu baƙi suke sauya fuska da zarar sun ga sunan ƙasarsa ba, saboda tabon damfarar da ake kira 419, tun kafin ya buɗe baki. Ta fuskar doka kuma, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, tana ɗaukar adireshin IP cikin bayanan da za su iya nuna mutum, kuma Najeriya ta yi tata dokar kare bayanai a 2023 tare da hukumar da ke sa ido a kai, Ghana kuwa tun 2012. Ƙungiyar da ke da mambobi a waɗannan wurare tana bukatar hujja da sanarwa bayyananniya kafin ta sarrafa irin wannan bayani, ballantana ta baza shi ga kowa. Game da harshe kuwa, wannan hanya ba ta faɗin komai. Adireshi daga Kamaru bai nuna ko Faransanci mutumin yake ji ko Turanci ko Fulatanci ba.

Akwai wata 'yar'uwar wannan hanya, wato karanta harshen da aka saita waya ko burauza a kai. Ita ma ba abin dogaro ba ce a wajenmu, domin mafi yawan wayoyin Hausawan Najeriya a Turanci suke, na Nijar a Faransanci, ko da mai wayar Hausa kaɗai yake rubutawa.

Sunan ƙasa ko gari a rubuce

Wannan ba ta da ado, amma tana kauce wa yawancin matsalolin tuta. Gurbi ne da mamba zai cike in ya ga dama. Kusan kowace manhajar kula da mambobi tana ba da damar ƙara irin wannan gurbi kyauta, kuma kundin CLDR na Unicode yana ɗauke da sunayen ƙasashe a harsuna masu yawa, har da Hausa, don haka ba sai an zauna fassara jerin ba. Sunaye ma suna canzawa, kamar yadda Swaziland ta koma Eswatini a 2018 kuma Masedoniya ta zama Masedoniya ta Arewa a 2019, amma gyaran kalma ɗaya bai kai rigimar tuta ba.

Zaɓin da ke ciki shi ne tsakanin jeri tsayayye da gurbi sake. Jeri yana ba da damar tacewa, a ce a nuna duk mambobin da ke Ghana. Gurbi sake yana ba mutum 'yancin rubuta "Zinder" ko "Damagaram", ko "Afirka ta Yamma" in ba ya son a matsa, amma ba ya taruwa a lissafi, kuma wani zai rubuta "duniya". Abu mafi muhimmanci shi ne yadda aka yi tambayar. "Ƙasa" kawai tambaya ce mai harshen damo. "Inda nake zaune" ita ce take amfanar mai ba da shawara a kan doka, farashi ko jigilar kaya, kuma ba ta taɓa batun asali da ke tayar da jijiyar wuya.

Jerin harsuna da matakin iyawa

Idan abin da ake so shi ne mutane su fahimci juna, wannan ce kaɗai hanyar da ta nufi matsalar kai tsaye. Misali mafi shahara shi ne tsarin Babel da masu aikin sa kai na Wikimedia, masu rubuta Wikipedia da ire-irenta, suke amfani da shi shekaru da yawa. Kowa yana jera harsunansa da lamba a gaban kowanne: 0 ga wanda ba ya ji ko kaɗan, 1 ga mai ɗan tsinta, 2 ga matsakaici, 3 ga wanda ya iya sosai, 4 ga wanda ya kusa kai ɗan harshe, 5 ga wanda harshen sana'arsa ne, sai harafin N ga harshen uwa. Malami daga Yamai zai iya rubuta ha-N, fr-4, dje-3, en-1 (wato Hausa, Faransanci, Zabarmanci da Turanci), kuma duk wanda ya gani ya san cewa in ya rubuta masa da Hausa ko Faransanci zai samu amsa, in da Turanci ne sai ya sauƙaƙa. Babu tutar da za ta iya faɗin wannan.

Kuɗin kafawa kaɗan ne. A manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia take aiki a kanta, tsarin kyauta ne, a wasu kuma gurbi ne mai karɓar zaɓi fiye da ɗaya. Ɗorewarsa ta fi ta sauran, domin juyin mulki ba ya canza harshen mutum, ƙaura ma sai dai ta ƙara masa wani. Amma akwai wurare uku da ake yin tuntuɓe, kuma sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko shi ne jerin da aka ɗauko. Ma'aunin ISO 639-1 mai haruffa biyu bai kai harsuna 200 ba. Yana da ha na Hausa, yo na Yarabanci, ig na Igbo, ff na Fulatanci da kr na Kanuri, amma babu Zabarmanci, babu Nufanci, babu Tibi. Wanda ya gina jerinsa a kai ya gaya wa miliyoyin mutane cewa harshensu ba ya cikin lissafi. Ma'aunin ISO 639-3 mai haruffa uku, wanda ya fito a 2007, ya ƙunshi harsuna fiye da 7,000, kuma shi ya kamata a ɗauka, tare da akwatin bincike domin kada mamba ya yi ta gangara jeri. A kuma kula kada a gauraya lambobin harshe da na ƙasa, kuskuren da masu gina manhaja suke yawan yi: ne a jerin harsuna Nepalanci ne ba Nijar ba, ng kuma harshen Ndonga ne na Namibiya ba Najeriya ba. Abin da ya fi shi ne a ɓoye lambobin gaba ɗaya a nuna sunan kowane harshe yadda masu shi suke rubuta shi.

Na biyu shi ne ma'anar "iyawa". Matakai bakwai na Babel, ko shida na tsarin Turai na auna iya harshe da ke tashi daga A1 zuwa C2, sun yi yawa ga mamba na yau da kullum, kuma mutane ba sa auna kansu daidai, wani ya zuzuta, wani ya yi kawaici. Bugu da ƙari, ji daban, rubutu daban. Akwai ɗan kasuwar da Hausa take zuba a bakinsa amma bai taɓa rubuta ta ba, akwai almajirin da ya rubuta Alƙur'ani da ka amma ba zai yi ciniki da Larabci ba, akwai dattijon da ke rubuta Hausa da ajami ba da boko ba. Tunda mu'amalar ta rubutu ce, matakai uku sun isa: ina karantawa, ina rubutawa, ina iya taimaka wa wani da fassara. Bambancin Hausar Najeriya da ta Nijar, kamar rubuta 'y a nan da ƴ a can, ko aron kalmomi daga Turanci a nan da Faransanci a can, bai kai a raba harshen gida biyu a jeri ba, sai ga ƙungiyar masu fassara, waɗanda za su iya amfani da ha-NG da ha-NE.

Na uku shi ne haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Alamar harshen uwa tana nuna ƙabila, kuma a wurare irin su Filato, ko yankunan masu Turanci na Kamaru tun rikicin da ya faro a 2016, ko Sudan, sanin ƙabilar mutum ba ƙaramin abu ba ne. Dokar Turai da ta Najeriya duka sun sanya asalin ƙabila cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Maganin yana da sauƙi: a cire matakin harshen uwa, a mayar da tambayar ta zama "harsunan da za a iya yi mini magana da su". Ta haka Bafulatani da Bahaushe da Babarbare duk za su rubuta Hausa, kuma babu mai sanin wane ne wane sai wanda ya so ya faɗa.

Barin gurbin babu komai

Wannan ma zaɓi ne, kuma ba na kasawa ba. Ba shi da kuɗi, ba shi da kulawa, ba ya fallasa kowa, kuma yana sa a auna magana da nauyinta. Hasararsa ita ce maimaita tambayar "a wace ƙasa kake?" kafin kowace amsa, da kuma mai ƙarancin Turanci da zai yi shiru domin bai san akwai mai jin harshensa a kusa ba. Wani lokaci kuma abin da ake nema ba ƙasa ba ne, agogo ne. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru lokacinsu ɗaya, Ghana tana bayansu da awa ɗaya, Sudan tana gabansu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Ƙungiyar da matsalarta ita ce tsayar da lokacin taro, nuna agogon mamba ya wadatar da ita.

Jadawalin kwatanci

| Hanya | Abin da take nunawa | Kuɗi da kulawa | Ɗorewa | Sauƙi ga mamba | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tutar zaɓin kai | Ƙasar da mutum yake so a danganta shi da ita | Kaɗan | Matsakaiciya | Mai sauƙi ƙwarai | Rigimar siyasa, ruɗani, wariya |
| Gano ƙasa ta IP | Inda layin sadarwa ya fito | Mafi yawa | Sai da sabuntawa kullum | Ba ya yin komai | Mafi girma: sirri da doka |
| Suna a rubuce | Inda mutum yake zaune | Kaɗan | Mai kyau | Mai sauƙi | Kaɗan, in ba dole ba ne |
| Jerin harsuna | Harshen da za a yi magana da shi | Kaɗan zuwa matsakaici | Mafi kyau | Yana ɗaukar minti ɗaya ko biyu | Nuna ƙabila, in an saka harshen uwa |
| Babu komai | Babu | Babu | Cikakkiya | Ba ya yin komai | Babu, sai rashin fahimta |

Wace ta dace da wa

Ƙungiyar da aikinta taimakon juna ne ta hanyar tambaya da amsa, kamar ta ɗalibai, masu fassara, masu koyon sana'a ko masu gina manhaja, ta ɗauki jerin harsuna mai matakai uku ta sa shi a inda ido zai fara sauka, ta ƙara gurbin "inda nake zaune" wanda ba dole ba ne. Wannan haɗin shi ne zan ba mafi yawan masu tambaya shawara a kai, domin yana amsa tambayoyin biyu kowace da kayan aikinta.

Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu jigila, inda kuɗin kwastan da canjin naira da sefa da sidi suke sauya amsa, ta fi bukatar ƙasa da gari a rubuce daga jeri tsayayye, domin a iya tacewa. Idan damfara ta yi yawa, a yi amfani da adireshin IP, amma a bar shi a idon masu kula kaɗai, su riƙa kwatanta shi da abin da mamba ya rubuta, su tuntuɓe shi a keɓe in sun ga saɓani, tare da sanar da kowa tun ranar rajista cewa ana yin hakan.

Masu wasanni da gasa, inda wakiltar ƙasa wani ɓangare ne na nishaɗin, tuta ta dace da su, da sharaɗi uku: mamba ne zai zaɓa, akwai zaɓin rashin tuta, kuma sunan ƙasar yana fitowa a rubuce tare da hoton. Su kuma rubuta ƙa'idarsu tun kafin rigima ta zo, cewa jerin ISO 3166 suke bi ba ƙari ba ragi.

Ƙungiyar Hausawan duniya, mai mambobi daga Agadas zuwa Kumasi zuwa Omdurman, harshe ya riga ya haɗa ta, don haka sunan gari ya fi mata amfani da daɗin ji fiye da tuta, sai kuma jerin sauran harsunan da kowa yake ji, domin a san wanda zai karanta wa ɗan'uwa takardar Faransanci ko ta Larabci.

Ƙungiyar da ke tattauna siyasa, addini, lafiya, ko haƙƙin ɗan Adam, ko wadda ke da 'yan jarida da 'yan gudun hijira a cikinta, kada ta nuna ƙasa ta kowace hanya, kuma kada ta adana adireshin IP fiye da kwanakin da tsaron tsarinta yake bukata. Idan mambobinta suna magana da harsuna da yawa, ta tsaya a kan "harsunan da za a iya yi mini magana da su", ta kuma bar wa kowa ikon goge abin da ya rubuta a duk lokacin da ya so.